Kunyar Ɗan Fari a Tumfure

Idan ka bi hanyar Tumfure da ke gefen Gombe ka wuce inda kwalta ta ƙare, ka ci gaba da tafiya har ka fara zargin mai keke ya ɓata da kai, za ka iske wani bene da aka yi wa rufi aka bar shi ba ƙofa ba taga. Mai gidan yana Abuja. Ana cewa zai zo ya ƙarasa, kuma shekara huɗu ke nan ana faɗin haka. A bayan benen akwai ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, shi kaɗai aka yi wa filasta, a nan Rahinatu take zaune da mijinta Shafi'u suna gadin gidan. Gabas da su gonar masara ce, yamma kuma fili ne da ba a gina ba. Maƙwabcin da ya fi kusa da su, sai ka ƙwala kira sau biyu kafin ko karensa ya ɗaga kunne.

Rahinatu ba a irin wannan shiru ta tashi ba. A wani ƙauye kusa da Bakori aka haife ta, a gidan gandu mai mutum talatin da wani abu, inda ko tari ka yi sai mutum biyar sun yi maka sannu. Ita ce 'yar fari a wajen uwarta, saboda haka tun da aka yaye ta sai Iya, kakarta ta wajen uba, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. A can ta yi wayo. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, kamar yadda ta ji 'yan gidan suna faɗa. Ita ma Yaya ba ta taɓa kama sunan Rahinatu ba. In za ta aike ta sai ta ce "ke", in za ta yi maganarta da wani sai ta ce "'yar can".

Kada wani ɗan birni ya taɓe baki ya ce rashin so ne. Kunya ce, kuma a garinsu ado ce ga mace. Wadda aka kama tana yi wa ɗanta na fari wasa a tsakar gida, sai ta yi mako ana yi da ita a bakin rijiya. Kuma al'adar ta zo da tanadinta, domin yaron da uwarsa ta kau da kai daga gare shi, hannu goma ke jiran a miƙo shi. Kaka tana yi masa kirari, gwaggo tana cilla shi sama, matan gida suna tsokanarsa da cewa mijinsu ne. Rahinatu ba ta taɓa rasa mai yi mata magana ba, ba ta kuma taɓa tambayar kanta dalilin da ya sa ba Yaya ce ke yi ba.

Shafi'u ɗan ƙauyen da ke gaba da nasu ne, yana tuƙin tifa a Gombe, yana ɗebo yashi yana kai wa masu gini. Ya zo gida da sallah ya gan ta, ita ma ta gan shi, kuma ba ta ɓoye wa Iya cewa ya yi mata ba. Da aka ce Gombe za a kai ta, har rawa ta yi a ɗaka, tana zaton birni ne mai fitilu da hayaniyar mata. Tana da shekara goma sha tara aka sauke ta a bayan wancan benen. Shafi'u mutumin kirki ne, sai dai yana fita da an idar da asuba, ba ya dawowa sai duhu ya yi, a gajiye, gashin idonsa duk ƙura. Wata rana sai Rahinatu ta wuni ba ta buɗe baki ba sai a salla.

Da ta sami ciki ya tsufa aka mayar da ita gida haihuwa. Ta haifi namiji, aka sa masa Mudathir, sunan marigayi mahaifin Shafi'u. To ka ga abu ya zama biyu, ga ɗan fari ga sunan suruki, ko da wasa bakinta ba zai kama wannan suna ba. Kwana arba'in na wankan jego yaron bai san ƙasa ba, daga wannan hannu sai wancan. Ba a kawo mata shi sai in zai sha nono, ita kuma sai ta karɓe shi ta juya fuska wajen bango. Gwaggwanninta suna ta yaba ta, suna cewa Iya ta yi tarbiyya.

Da lokacin komawa ya yi, damina ta kankama, kowa yana gona. Iya ta tsufa, ko ƙofar gida sai an riƙe ta. Ba a sami wanda zai bi ta ya zauna mata ba. Haka Rahinatu ta dawo Tumfure da jariri a baya da ƙullin kuka da daddawa, da kuma kunyarta cif yadda aka koya mata. Babu wanda ya tuna ya gaya mata cewa rabin al'adar ta ɗauko, ɗaya rabin ya zauna a Bakori.

Ba ta yi sakaci da yaron ba, wannan kam ko maƙiyinta ba zai faɗa ba. Wanka sau biyu, mai a jiki, kwalli a ido, nono kafin ya nema. In ya yi kuka sai ta saɓa shi a baya ta jijjiga har ya yi barci. Amma duk a cikin shiru take yi. In tana ba shi nono idonta yana kan ƙofa, in ta gama ta kwantar da shi a katifa ta ja gidan sauro, ya zauna yana kallon kwanon rufi. Tana son sa har wani lokaci ƙirjinta ya yi mata nauyi. In yana barci takan tsaya ta ƙare masa kallo, da ya motsa ido sai ta yi sauri ta kama wani aiki, kamar an kama ta tana satar nama a tukunya. Shi ma Shafi'u, yaron ɗan farinsa ne, kuma sunan ubansa gare shi. In ya dawo sai ya leƙa gidan sauron ya ce, "Mutumin ya yi barci?" shi ke nan.

Ranar da yaron ya cika mako goma sha huɗu ta kai shi rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Mata cike da benci, kowace da katinta. Ma'aikaciyar da ke awo, Malama Bilkis, mace ce mai faɗa da fara'a a haɗe, irin wadda za ta yi maka tsawa tana gyara maka ɗankwali. Ta karɓi katin ta duba ta ce, "Maman Mudathir, matso."

Rahinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba a taɓa haɗa ta da sunan nan a bainar jama'a ba.

Aka ɗora shi a sikeli, nauyi ya yi kyau. Malama Bilkis ta riƙo hannayensa ta ɗago shi a hankali, wuyansa ya biyo ba laifi. Sai ta tambaya, "Yana yi miki murmushi?"

Rahinatu ta sunkuyar da kai.

"Gwarancin nan na jarirai fa, yana yi? In kin yi masa magana yana amsa miki?"

"Ban lura ba," in ji Rahinatu, murya can ƙasa.

"Ba ki lura ba? Ke da wa kuke zaune da shi?"

"Ni kaɗai ce."

Malama Bilkis ta zagaya bayan yaron ta tafa hannu, ya zabura ya ware yatsu. Ta ce kunne kam lafiya. Ta ɗauko jan murfin biro ta wuce da shi gaban idonsa, ya bi shi da kallo. Sannan ta kawo fuskarta dab da tasa ta washe baki tana yi masa surutu. Mudathir ya zuba mata ido, fuska a murtuke kamar alƙalin da aka kawo wa ƙarar banza. Ko gefen bakinsa bai motsa ba.

Sai ta ajiye biron ta kalli uwar da kyau ta ce, "Ɗan fari ne, ko?" Rahinatu ta gyaɗa kai. Malama Bilkis ta yi ajiyar zuciya, don ba yau ta fara gani ba. Ta ce yaro tun yana wata biyu ya kamata a ga yana mayar da murmushi, zuwa wata uku yana ɗan gwaranci, zuwa huɗu har dariya yake ƙyaƙyatawa. Ta ce wasu sukan ɗan makara ba wani abu ba, kuma wataƙila ma yana yi a bayanta ko a cikin gidan sauro, wa ya gani? Amma abin ba daga sama yake faɗowa ba, a fuskar mutum yaro yake koyonsa. "In kina ba shi nono ki kalle shi cikin ido. Ki yi masa magana, ko me ya zo bakinki. In ya yi wani sauti ki maimaita masa, ki dakata ya amsa. Ki riƙa kwantar da shi rub da ciki a tabarma na ɗan lokaci in idonsa biyu, ke kuma ki zauna a gabansa don ya sami abin da zai ɗago ya kalla. Ki dawo min da shi bayan wata guda. In har lokacin bai yi ba, zan rubuta miki takarda ku je babban asibiti a duba shi."

Kalmar babban asibiti ita ta bi Rahinatu har gida. A cikin keke ta riƙa jin ɗumin yaron a cinyarta tana tunanin ko wani abu ne ya same shi, ko kuma ita ce ta yi masa. Tsoro ya kama ta sosai. Amma da ta shiga ɗaki ta zaunar da shi a gabanta za ta gwada, sai bakin ya ƙi buɗuwa. Ta ji kamar duk matan gidansu sun jeru a bango suna kallon ta.

Sai ta yi abin da 'yar gidansu za ta yi, ta shiga neman wanda zai yi a madadinta. Ta buga waya gida a sa Iya ta yi masa kirari, ta kara masa wayar a kunne. Layin Tumfure kuwa sai ka hau tarin bulo kafin ya kama, murya tana zuwa tana yankewa, yaron ya yamutsa fuska ya fashe da kuka. Ta kunna masa rediyo, ya yi barcinsa. Ta gaya wa Shafi'u abin da aka ce, ya ce Allah zai kawo sauƙi, yara ai kowa da lokacinsa. Ta ga alamar shi ma ya damu, amma washegari da asuba tifa tana jiransa.

A filin nan na yamma akwai wata tsohuwa da ta shuka kuɓewa da 'yar gyaɗa, ba nata ba ne, ta ga wuri ne a banza ta sa hannu. Sunanta Ya Ngubdo, mutuniyar Barno ce da tashin hankali ya koro, tana zaune wajen wani ɗan ƙaninta a unguwar Bagadaza. Duk bayan kwana biyu takan zo tsinkar kuɓewa. Sun daɗe suna gaisawa daga nesa. Ranar nan Rahinatu ta cika kofi da ruwan randa, ta saɓa yaron, ta tsallaka ta kai mata.

Tsohuwar ta sha ta yi godiya, ta ce, "Sauke min mijin nan nawa in gani, kullum a baya kamar ƙunshin kaya."

Ta zauna a kan bulo ta ɗora shi a gwiwa, fuska da fuska. Ta shiga yi masa yaren Barebari, tana ɗaga gira, tana kumbura kumatu, tana taɓa masa haɓa da yatsa mai ƙaiƙayin kuɓewa. In ta yi magana sai ta tsaya ta karkata kai, kamar tana jiran ya ba ta amsa. Ranar farko kallon ta kawai ya yi. Zuwa na biyu ya buɗe baki ya rufe. A zuwa na huɗu, Rahinatu tana tsaye a gefe tana yi kamar ganyen gyaɗa take dubawa, sai ta ga bakin ɗanta ya buɗe, kumatu sun tashi, dasashi a waje.

"Kin gani?" in ji Ya Ngubdo. "Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Kaɗaici ne ke damunsa."

Rahinatu ta yi hamdala a zuci, kuma a daidai lokacin wani abu ya soke ta. Murmushin farko da ta gani a fuskar ɗanta, baƙuwa aka yi wa. Da ta karɓe shi ya dawo hannunta sai fuskar ta koma yadda take. Ta ce wa tsohuwar, "Ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare shi."

Ya Ngubdo ta ce ta sani, su ma suna da irin tasu kunyar. Tana jefa kuɓewa a ƙwarya ta ce, "Ni nawa na farin, ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba. Ranar da muka gudu shi ya bi wata hanya ni na bi wata. Shekara goma ke nan." Ta ci gaba da tsinkar kuɓewarta.

Da an bar su haka da Rahinatu ta sami mafita, ga kaka ta samu a saman bulo. Amma Tumfure ba ta barin fili ya huta. Bayan mako biyu aka sayar da wurin, sabon mai shi ya ce gini zai fara. Tifar da ta zo ta juye yashi a kan kuɓewar nan, ta Shafi'u ce, shi dai an ba shi kwatance ya bi. Ya Ngubdo ta zo ta tsince abin da ya saura, ta ɗaga yaron sama sau ɗaya, ta ce Bagadaza da nisa, ƙafarta ba za ta iya zuwa don gaisuwa kawai ba. Rahinatu ta tsaya a bakin benen tana kallon ta har masara ta rufe ta.

Saura kwana tara a koma asibiti. Yaron ya koma kallon kwanon rufi. Abin da ya fi ci wa Rahinatu rai shi ne in ta fita da shi sai ya riƙa juya kai wajen filin, inda yanzu ba kowa sai magina.

Ranar Talata da hantsi, ruwa yana yayyafi, maginan ma ba su zo ba. Rahinatu ta tura ƙofar ƙarfen nan ta sa sakata. Wa take rufe wa? Daga ita sai ƙadangarun benen. Amma sai da ta rufe, har da sakin labule. Ta shimfiɗa tabarma ta kwantar da shi rub da ciki, ta jawo farantin shinkafar da take tsinta ta zauna a gabansa. Ya yi ta ƙoƙari da wuyansa har ya ɗago, ya kafe ta da ido. Ta ji wuyanta yana son juyawa da kansa, ta hana shi.

Ta ce, "Shinkafa nake tsinta."

Muryar ta fito kamar ta wani. Yaron ya ƙifta ido. Ta ce, "Tsakuwa ta yi mata yawa. Babanka ba ya son ya tauna tsakuwa." Ta dakata ta karkata kai yadda ta ga tsohuwar tana yi. Shiru. Kunya ta rufe ta har gumi ya tsatso mata, ta ɗauke shi ta goya ta ci gaba da aikinta.

Da la'asar ta sake. Washegari ma ta sake, sau uku. Da maganar shinkafa ta ƙare sai ta shiga ba shi labarin gidansu, tsamiyar ƙofar gida, da akuyar Iya mai satar dusa, da yadda ake layi a bakin rijiya. Daga nan, ba ta san lokacin da ta zarce ba, ta gaya masa cewa tun da aka kawo ta garin nan ba ta da wanda za ta yi hira da shi, cewa wani lokaci takan yi magana da tukunya don ta ji ko muryarta tana nan. Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan ba. Yana shan nono yana kallon bakinta, ita ma tana kallon sa, sai a lokacin ta lura cewa girarsa ta hagu ta fi ta dama tsayi.

A kwana na huɗu ya saki nonon ya ce, "Aguu." Ta ce, "Aguu." Ya sake, ta sake. A kwana na shida tana canza masa riga, rigar ta maƙale a kansa, da ta zare ta sai fuskarta ta bayyana dab da tasa, ta ce, "Ga ni!" Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, irin mai fitowa daga ciki, har da shaƙuwa. Ta mayar da rigar ta sake zarewa, ya sake yi. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji, tana dariya hawaye na zuba a kan cikinsa.

Sai ta miƙe tana waige-waige, tana neman wanda za ta gaya wa. Ta buɗe ƙofa. Masara ce kawai ke kaɗawa, sai tarin yashi. Wayar Shafi'u ba ta shiga in yana kwari wajen lodi. Ta ɗauki yaron ta hau kan bulo ta buga gida, da nufin a kai wa Iya. Yaya ce ta ɗauka, ta ce Iya tana barci.

"Ke ce? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya." Rahinatu ta rasa ta inda za ta fara, don wannan ba maganar da ake yi tsakaninsu ba ce. Yaron yana kafaɗarta yana jan ɗankwalinta, ɗankwalin ya zame ya rufe mata fuska, ta janye, shi kuwa ya ɗauka wasan ne aka dawo da shi, ya ƙyalƙyale a bakin wayar.

Yaya ta ce, "Wa kuka samu a gidan yake yi masa wasa?"

Rahinatu ta ce, "Ba kowa. Ni ce."

Ta duba wayar ko layin ya yanke, ta mayar da ita kunne. Ta tsaya tana jiran faɗa, ta ma shirya abin da za ta ce game da asibiti da takarda. Can sai ta ji Yaya ta ja hanci, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda na tsakar gida ba za su ji ba.

"Ke kam da wuri kika fara dariya. Iya ce take sa ki, a bakin murhu. Ni ina ɗaka ina jin ki, sai in ajiye abin da nake yi har ki gama." Sannan ta ce, "Sake sa shi in ji."